Kafin a kai ɗalibi gaban injin PCR, a bari hannunsa ya zauna

Ina da magana a kan yadda ake fara koya wa ɗaliban jami'a aikin ɗakin gwaje-gwaje a fannin nazarin DNA, kuma na san ba kowane malami ne zai yarda da ni ba. A ganina ana gaggawar kai ɗalibi gaban manyan injuna tun hannunsa bai zauna ba. Zai haddace matakan PCR, wato dabarar ninka guntun DNA ya zama kwafi masu ɗimbin yawa, ya zana su tsaf a takardar jarrabawa, ya ci maki. Amma miƙa masa fifet, wato ma'aunin nan na ɗibar ruwa ɗan mitsitsi, ka ce ya ɗebo maikrolita 2, nan za ka gane inda gizo ke saƙar.

Maikrolita kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita. Ɗigon ruwa guda ya kai kusan maikrolita 50, kuma sau da yawa duka haɗin PCR bai wuce maikrolita 25 ba. A irin wannan ma'auni, kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya lalata aikin yini. Maɓallin fifet yana da tsayawa biyu: a ta farko ake tsayawa a ɗebi ruwa, ta biyu kuma ta fitar da ragowar ce. Wanda ya danna har ƙasa kafin ya ɗiba, ya ɗebi fiye da abin da ya saita, kuma babu abin da zai sanar da shi. Shi ya sa nake so makon farko ya tafi a kan ruwa zalla da sikeli. Maikrolita 1000 na ruwa nauyinsa kusan giram 1 ne. A sa ɗalibi ya ɗiba ya auna, ya sake, ya rubuta lambobin, har ya ga da idonsa ko hannunsa na faɗin gaskiya.

Bayan hannu sai dalili. Ɗalibin da aka ba takardar matakai ya bi kamar mai karanta talla, ranar da abu ya ƙi, ba shi da ta cewa. Ɗauki aikin jel na agaros, wanda ake raba gutsattsarin DNA da shi gwargwadon tsawonsu. DNA na ɗauke da cajin korau saboda fosfet ɗin da ke jikinsa, don haka idan aka kunna lantarki sai ya nufi ɓangaren jan waya, inda kishiyar cajinsa take. Wanda ya san haka ba zai juya ramukan jel ɗin, inda ake zuba samfur, ta wajen ja ba, domin ya san samfurinsa zai fice ta baya ya bi ruwa. Ƙananan gutsattsari sun fi saurin ratsa jel, manya su tsaya kusa da rami. Wannan kaɗai, idan ya shiga kai, ya fi shafi goma na hadda.

Haka PCR ɗin kansa. Kary Mullis ne ya fito da dabarar a 1983, ya kuma samu kyautar Nobel a kanta a 1993. Ana ɗaga zafi zuwa kusan digiri 95 don igiyoyin DNA biyu su rabu, a sauke zuwa tsakanin 50 da 65 don firaima, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna inda za a fara kwafi, su kama gurbinsu, sannan a hau 72 inda enzayim, wato furotin ɗin da ke yin aikin kwafin, ke gina sabuwar igiya. Me ya sa enzayim ɗin ba ya mutuwa a digiri 95? Saboda an samo shi ne daga Thermus aquaticus, ƙwayar bakteriyar da Thomas Brock ya gano a maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone a Amurka. Kafin a fara amfani da shi, sai mai gwaji ya ƙara sabon enzayim da hannu bayan kowane zagaye. Ina son a riƙa ba ɗalibai wannan tarihin, domin shi ke mayar da lambobin nan su zama abin da hankali ke kamawa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kowane zagaye yana ninka DNA sau biyu, zagaye 30 kuwa na iya kai kwafi ɗaya zuwa kusan biliyan guda. Ƙarfin dabarar ke nan, kuma haɗarinta ke nan. Injin bai san DNA ɗin da kake nema daga wanda ya faɗo daga bakin fifet da ba a canza ba, ko daga safar hannu da ta taɓa haɗin jiya. Duk wanda firaima suka kama, zai ninka shi. Don haka dole a saka bututu guda da ke da komai na haɗin, sai dai ruwa aka zuba masa a madadin samfur. Idan layi, wato alamar DNA da aka ninka, ya fito a gurbin wannan bututu a kan jel, duk sauran layukan sun zama abin zargi, komai kyansu. Sannan a saka wani bututun mai samfurin da aka tabbatar zai yi aiki, don idan komai ya fito fayau a san ko haɗin ne ya gaza. Wallahi waɗannan bututu biyu sun fi injin daraja a wurina, domin irin wannan gwajin ne ake dogara da shi wajen cewa mutum na ɗauke da cuta ko ba ya ɗauke da ita.

Wasu za su ce ɗalibai sun yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, kuma yanzu kamfanoni na sayar da haɗin a shirye. Na ji. Sai dai koyon fifet ba ya cin komai sai ruwa mai launi da haƙurin malami, kuma haɗin da aka saya a shirye ma hannu ne zai zuba shi.

Abin da nake roƙon malamai shi ne su sauya yadda suke ba da maki. Ɗalibin da ya kawo hoton jel mai layi a bututun ruwa, ya rubuta a littafinsa cewa haɗin ya gurɓata, ya lissafo inda yake zargi, ya nemi a ba shi dama ya sake, a ba shi maki sama da wanda ya kawo layuka masu kyau ba tare da bututun ruwa ba. Kuma a riƙa duba littafin a ranar da aka yi gwajin, a sa hannu, kafin kowa ya bar ɗakin.