Kama Da Wane Ba Ta Wane: A Daina Yi Wa Yara Gwajin Uba A Waya

Jama'a, duk ranar da wata mace ta fito ta ce wani babban mutum ne uban ɗanta, ɗan siyasa ne ko mawaƙi ko ɗan fim, shi kuma ya ce bai san zancen ba, kafin la'asar magana ta bar hannun su biyun ta dawo hannunmu. Je ka wurin mai shayi a Wuse ko bakin shagunan Area 1 a nan Abuja bayan isha'i, za ka tarar da waya ɗaya tana yawo hannu zuwa hannu. An jera hoton mutumin da na yaron, an zagaye kunnuwansu da jan layi, an ja kibiya zuwa hanci. Wani ya sa yatsu biyu ya buɗe hoton har fuskar yaron ta cika allo, ya ce wallahi kamar an tsaga kara. Na gefensa ya ce a'a, dubi goshin. Yaron da ake jan fuskarsa da yatsu ko firamare bai shiga ba, kuma bajon makarantarsa na nan ɓaro-ɓaro a ƙirjin rigarsa.

Abin yana ci mini rai, domin duk hanyoyin da masu binciken intanet ke bi babu guda da za a dogara da ita wajen tabbatar da uba ko kore shi.

Ɗauki kamanni. Wani mutum ya je wurin Manzon Allah (SAW) yana ƙorafin matarsa ta haifi yaro baƙi. Aka tambaye shi launin raƙumansa, ya ce jajaye ne. Aka ce akwai mai ruwan toka a cikinsu? Ya ce akwai. Daga ina ya samo launin? Ya ce wataƙila wata jijiya ce ta kakanni ta fizgo shi. Aka ce masa to ɗanka ma haka, kuma ba a ba shi damar kore yaron ba. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim, kuma ilimin gado na yau bai saɓa masa ba. Launin fata da tsawo da fasalin hanci ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su fitar da su, shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya kan fito wani fari wani baƙi. Hoto kuma ya dogara da haske da inda aka tsaya da kyamara, balle yanzu da manhaja ke gyara fuska cikin daƙiƙa biyar. Wanda ya haɗa hotunan ya tona ɗari ne ya zaɓi biyun da suka dace da abin da yake so ku gani.

Sai masu ƙirga watanni, waɗanda suka fi kowa ɓarna. Su nemo ranar ɗaurin aure, su nemo ranar suna, su cire kwana bakwai, su yanke hukunci. Likitoci suna ƙirga mako 40 ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, alhali cikin kan shiga kamar mako biyu bayan nan. Ke nan matar da aka ce cikinta wata biyu ne, makonni shida da suka wuce ya shiga. Wannan ratar kaɗai ta isa ta sa jahili ya ce amarya da cikinta ta zo. Haihuwa daga mako 37 zuwa 42 duk lafiyayya ce, ga kuma bakwaini da kowane dangi ya san nasa. Hoton cikin da aka ɗauka a watanni ukun farko yana iya kuskure da kamar mako ɗaya, wanda aka ɗauka gab da haihuwa kuwa har mako uku. A shari'ar Musulunci mafi ƙarancin ciki wata shida ne: Suratul Ahƙaf aya ta 15 ta ce ciki da yaye wata 30, Suratul Baƙara aya ta 233 ta ce shayarwa shekara biyu cikakku, cire 24 daga 30. Duk yaron da aka haifa wata shida bayan aure na mijin ne. Kuma ranar da aka ɗora hoto a Facebook ba ita ce ranar da aka ɗauke shi ba, tunda shafin yana goge bayanan da kyamara ke liƙa wa hoto.

Sikirinshot na hirar WhatsApp kuwa yaro ɗan sakandare zai haɗa maka. Ya ajiye lambar abokinsa da sunan Honarabul, ya sa hotonsa, su rubuta wa juna abin da suka ga dama. Saƙon murya ma yanzu ƙirƙirarriyar basira tana kwaikwayonsa daga ɗan guntun jawabi, kuma wanda ke magana a rediyo da taron siyasa muryarsa ce ta fi sauƙin samu.

Rukunin jini da jinotayif sun fi waɗannan kama da ilimi, shi ya sa suka fi ruɗar mutane. Gaskiya ne a bisa ƙa'ida uba O da uwa O ba sa haifar A ko B. To amma rukunin jini kore mutum kawai yake iya yi, ba ya nuna uba, don masu O a Abuja kaɗai ba sa ƙirguwa. Shi ma "uba AA ba ya haifar sikila" yana da rami. Akwai ciwon jini na gado da ake kira talasimiya, mai ɗauke da shi gwajin da aka saba yi yakan nuna shi AA, amma idan ya haɗu da mace AS sai a haifi yaron da sakamakonsa ke kama da SS. Ƙari a kan haka, ɗakunan gwaji na kuskure, ana musanya kwalabe, ana rubuta sakamakon wani a takardar wani. Kafin a buɗe baki sai an sake gwajin duka ukun a wuri mai inganci.

Yanzu ga DNA ɗin da kowa ke kira, wato gwajin ƙwayoyin gado. Alec Jeffreys ne ya gano hanyar a Jami'ar Leicester da ke Ingila a 1984. Yau ba sai an ɗebi jini ba. Tsinke ne mai auduga a kai, a goga shi cikin kumatu kamar daƙiƙa 30, a kowane gefe. Kar a ci ko a sha komai na aƙalla rabin awa kafin nan, jariri kuma kar a ɗauka yana sakin nono, don ƙwayoyin uwar na iya gauraya. A bar audugar ta sha iska ta bushe, a sa ta a ambulan na takarda. Leda tana riƙe laima, samfurin ya yi fumfuna ya lalace. A ɗakin gwaji ana duba gurabe 16 zuwa 24 a jikin ƙwayoyin gadon. Kowane gurbi yaro yana da lambobi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Idan yaro yana da 11 da 14, uwa ta ba da 11, dole a sami 14 a wurin uba. Saɓani a gurbi ɗaya ba ya kore mutum, don ƙwayar gado takan sauya da kanta, sai an ga saɓani a gurabe da dama. Sakamako yakan fito kashi 99.9 zuwa sama, ko sifili. Duk takardar da ta ce kashi 100 cif, ku yi shakkar ta. Idan ana zargin wa ko ƙanen mutumin, wajibi ne a gaya wa masu gwajin su ƙara gurabe, tagwaye masu kama ɗaya kuwa gwajin da aka saba ba ya bambance su. Sa uwa cikin gwajin yana ƙara masa ƙarfi ƙwarai.

Ga inda takardun da ke yawo a intanet ke faɗuwa. Gwaji iri biyu ne. Akwai na gida, wanda mutum zai goga da kansa ya rubuta sunan da ya ga dama a ambulan ya aika. Na'ura ba ta san Alhaji ba, auduga ta sani. Mai son ya tsere zai goga bakin direbansa, a ba shi sifili da sunansa a sama. Mai son ta liƙa wa wani za ta kai yawun uban gaskiya da sunan babban mutum. Gwajin da kotu ke saurara shi ne wanda kowa ya zo da ƙafarsa da katin ɗan ƙasa ko fasfo, aka ɗauki hotonsa, ya sa hannu, ma'aikacin da ba ruwansa da rigimar ya ɗebi samfurin ya rufe da hatimi a gaban kowa, kuma duk hannun da ambulan ya bi an rubuta, har ƙasar waje idan can aka tura. Idan aka nuna muku sakamako, tambayar farko ita ce wa ya ɗebi yawun, a gaban wa.

Ko gwajin ya inganta, a wurin Musulmi magana ba ta ƙare ba. Ƙa'idar ita ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Miji ba ya kore ɗan da aka haifa a gidansa sai ta li'ani a gaban alƙali, kamar yadda Suratun Nur aya ta 6 zuwa 9 ta tsara: rantsuwa huɗu, ta biyar ya kira wa kansa tsinuwa, ita ma ta yi huɗu, ta biyar ta kira wa kanta fushin Allah, sannan su rabu har abada. A mazhabar Malikiyya, wanda ya san da cikin ya yi shiru, ya karɓi barka, ya yanka ragon suna, ba shi da bakin korewa daga baya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, a zamanta na Makka a 2002, ta ce ba a gabatar da DNA a kan li'ani wajen kore nasaba, amma ana amfani da shi a irin musanyar jarirai a asibiti. Dokar Shaida ta 2011 ma, sashe na 165, tana ɗaukar yaron da aka haifa cikin aure, ko cikin kwana 280 bayan mutuwar auren matuƙar uwar ba ta sake aure ba, a matsayin ɗan mijin. Ku da kuke rubuta "shege" a ƙasan hoto, aya ta 4 ta Suratun Nur ta yanke wa mai ƙazafi bulala 80, kuma a nan Abuja sashe na 391 da 392 na dokar laifuka ta Penal Code sun tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyu kan ɓata suna. Wanda ya tura gaba ma ya yaɗa, "haka na gani" ba ta wanke shi.

Ba na kare manyan mutane. Akwai masu kuɗi da muƙami da ke yi wa 'yar talakawa ciki, ko su yi auren ɓoye a Kubwa ko Mararaba, in ta haihu su toshe lambarta. Mace ba ta ɗaga waya ta tona kanta a gaban duniya sai ta ƙwanƙwasa ƙofofi an rufe. Amma 'yar uwa, masu taya ki ihu yau su ne jibi za su tono hotunanki na shekara goma, kuma ba mai sayen madara ko biyan kuɗin makaranta a cikinsu. Idan akwai aure, ko na ɓoye ne, nemo waliyyin da ya ɗaura da shaidu da shaidar sadaki ki tafi kotun yanki, ita ke sauraron aure da nasaba da ciyarwa tsakanin Musulmi, kuma ana ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Birnin Tarayya. Idan babu aure, ki sani tun yanzu cewa a Malikiyya yaron ba ya gadon mutumin ko da ya amsa, sai dai Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 tana aiki a Abuja, kuma sashe na 63 ya ba kotu ikon ba da umarnin gwajin DNA. Sashe na 42(2) na tsarin mulki ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. In babu kuɗin lauya, akwai Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai ba marasa hali lauya, da ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA.

Ki ajiye wayar da aka yi hirar da ita, kar ki goge komai, kar ki sayar da ita, don asalin saƙon kotu ke so ta gani. Ki karɓo bayanan asusunki daga banki masu hatimi idan ya taɓa turo kuɗin awo ko na asibiti. Ki haɗa katin awon ciki, da hoton ciki na farko, da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya. A zaman farko ki sa lauyanki ya roƙi a saurari shari'ar a keɓe, a kuma hana buga sunan yaron da hotonsa da sunan makarantarsa.