Raton ba asara ba ce, rainin hankali ne ya yi yawa

Tun da Elon Musk ya ce a watan Maris na 2025 a sayar da Amtrak, kamfanin jirgin ƙasa na fasinja mallakar gwamnatin Amurka, ga 'yan kasuwa, masu lissafin riba suka samu bakin magana. Duk inda aka bi aka zagayo, ƙananan garuruwan yammacin Amurka ne za a fara yanka wa wuƙa, kuma Raton ta jihar New Mexico tana sahun gaba.

Jirgin ƙasa ne ya haifi Raton. A 1878 kamfanin jirgin ƙasa na Santa Fe ya riga abokin hamayyarsa Denver & Rio Grande kame mashigar dutsen da ke kan iyakar Colorado, aka kafa garin a 1880. Amma hawan ba wasa ba ne: a wasu wurare titin yana tashi mita 3.5 a kowace mita 100, sai an ƙara wa jirgin kaya injina masu turawa kafin ya haye. Shi ya sa a 1908 kamfanin ya buɗe hanyar Belen da ke kudu, kaya suka koma can. Kwal ya ɗan riƙe garin, shi ma ya tafi. Ma'adinan Dawson, inda mutum 263 suka mutu a fashewar 1913, sun rufe a 1950, na York Canyon suka bi baya a farkon shekarun 2000. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 6,885 a Raton, ta 2020 kuwa 6,041.

Yanzu BNSF, magajin Santa Fe, ba ya bi ta mashigar da kaya. Abin da ya rage shi ne jirgin fasinja na Amtrak, Southwest Chief, mai zirga-zirga tsakanin Chicago da Los Angeles, ɗaya gabas ɗaya yamma a rana. Titin da mai shi ba ya amfani da shi, ba ya gyara shi da kuɗinsa. Katakon ƙarƙashi ya ruɓe, mahaɗar ƙarfe ta saki, a rage wa jirgi gudu, ya makara, fasinja su gaji. Sannan wani a ofis ya ɗauko alƙaluma ya ce ai ba a shiga. Ka ƙi ba doki dusa, ka dawo kana zarginsa da rashin gudu.

An taɓa gwadawa. A 2018, zamanin shugabanta Richard Anderson, Amtrak ta kawo shawarar sauke fasinja a Dodge City ta Kansas, a zuba su a bas har Albuquerque. Ta kuma riƙe dala miliyan 3 da ta yi alkawari, alhali ƙaramar hukumar Colfax, wadda Raton ce hedikwatarta, ta riga ta samo tallafin dala miliyan 16 daga tarayya don gyaran titin. Sai da Majalisar Dokokin Amurka ta ware dala miliyan 50 aka janye maganar.

Masu cewa bas ya fi arha ba su taɓa tambayar nawa babbar hanyar mota ta I-25 da ta ratsa ta Raton ke kawo wa gwamnati ba. Ba ta kawo riba, kuma babu mai cewa a rufe ta. Kowane lokacin zafi dubban 'yan sikawut ne ke sauka a tashar Raton da jakunkunansu a baya, su wuce sansanin Philmont kusa da Cimarron, kuma masu abinci da masauki a garin sun san darajar wannan ciniki.

Ya kamata Majalisa ta daina ba da kuɗin gyara guntu-guntu, ta sa titin a kasafi na dindindin, New Mexico da Colorado da Kansas su zuba nasu kason kowace shekara.