Ɗan talaka ma yana son ganin gadar Jebba

Jiya ƙanena ya miƙo mini wayarsa, wai in kalli wasu samarin Turawa da suka goya jaka a baya suna zaga ƙasashe a jirgin ƙasa. Ya ce, "Yaya, mu fa wannan sai dai a waya." Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina.

Yawo da ɗan guzuri ba Bature ne ya koya mana ba. Kakanninmu sun taka har Gwanja neman goro, wasu sun yi shekaru a hanyar Makka a ƙafa, 'yan ci-rani kuwa har gobe suna kan hanya. Kwana a tasha, ko a zauren wani bawan Allah, ko cin ƙuli-ƙuli da garin kwaki a tafiya, duk ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da ya gagari yaron yau kuɗin mota ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, zuwa biki a garin da ke maƙwabtaka ma sai an yi lissafi, balle a ce yawon buɗe ido.

Mun fa taɓa samun abin hawan da ya dace da aljihun irinsu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, daga baya aka ja reshe zuwa Ƙauran Namoda da Nguru, ya kai Maiduguri a 1964. Don gyaɗa da auduga da fatu Bature ya shimfiɗa na farkon, ba don ƙaunarmu ba, wannan kowa ya sani. Amma talaka ya raɓu ya sha. Daga Kano zuwa Legas kilomita fiye da 1,100 ne, kuma da aka farfaɗo da jirgin a ƙarshen 2012, tikitin kujerar gama-gari bai kai naira 2,000 ba. Tafiyar takan haura awa talatin, taragon ga zafi ga cunkoso, ba na musu. To amma dubi abin da mutum zai gani da wannan kuɗin: Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, sannan jirgi ya hau gadar Jebba ka leƙa ka ga kogin Kwara shimfiɗe a ƙasanka. Ka wuce Ilori da Offa da Badun, kana gani da idonka yadda fili ke rikiɗewa ya zama kurmi, kayan tallan da ake miƙowa ta taga su ma suna sauyawa daga tasha zuwa tasha. Wanda ya kwana tarago ɗaya da Banufe da Bayarabe, aka ci abinci tare aka yi gardamar siyasa, da wuya wani ya zo Facebook ya zuga shi a kansu cikin sauƙi.

Sabbin jiragen kuwa ban raina su ba. Na Abuja zuwa Kaduna, mai kilomita 186, an buɗe shi a 2016. Na Legas zuwa Badun a 2021. Ga na Warri zuwa Itakpe. Suna da sanyi, suna da sauri. Matsalata da su ita ce guntaye ne, ba wanda ya haɗu da ɗan'uwansa. Sannan kuɗin. Lokacin da aka fara na Kaduna, tikitin gama-gari bai kai naira 1,000 ba, yanzu ya ninka sau da yawa. Ka ƙara kuɗin zuwa tashar Rigasa da ke Kaduna, ka ƙara na fita daga Idu, wadda ke can gefen Abuja. Tun 2021 tikiti ya koma intanet, bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 kuma aka ƙara sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Dalilin tsaron na fahimce shi, an rasa rayuka, wasu sun yi watanni a hannun 'yan bindiga. Sai dai tsohuwar da ke riƙe da ƙaramar waya mai tocila, ita wa ya tuna da ita?

Na san masu cewa jirgi dole ya ciyar da kansa, ai bashin Sin aka ci aka gina shi. Haka ne, bashi ne. Amma wane titin mota ne a ƙasar nan ya taɓa biyan kuɗin kwaltarsa? Jamus, da duk arzikinta, ta sayar da tikitin yuro 9 na wata guda a tsakiyar 2022, ka hau jiragen cikin gari da na yankuna iya son ranka, aka sayi sama da miliyan 50 cikin wata uku. Mu ma gwamnati ta ba da jirgi kyauta a hutun ƙarshen shekarar 2023. Ashe idan an ga dama ana iyawa. Ni ba kyautar mako biyu nake roƙo ba. A ware tarago biyu ko uku masu rahusa kullum, a bar tagar sayar da tikiti da kuɗin hannu, a yi wa ɗalibai da masu hidimar ƙasa rangwame, a kuma daina kallon tsohon layin kamar tarkacen da ake jira ya ruɓe.

Ana aikin layin Kaduna zuwa Kano da na Kano zuwa Maraɗi, duka an aza harsashinsu a 2021. Na ce wa ƙanena ya fara tara 'yan canjinsa a asusu, in Allah ya nuna mana ranar, ni da shi za mu je Maraɗi mu kwana biyu. Ya kalle ni ya ce, "To Yaya, nawa za su sa tikitin?"