Tashar Rigasa: a daina laɓewa bayan 'yan cuwa-cuwar tikiti

An sake ɗauko tsohuwar waƙar nan. Duk sanda mutane suka cika gari da ƙorafin rashin tikitin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a tashar Rigasa, sai ka ji ana cewa ai laifin 'yan cuwa-cuwa ne, za a kama su, za a kori ma'aikatan da ke haɗa baki da su, shikenan wai matsala ta ƙare. Abin da ya fi ɓata min rai ma shi ne yadda 'yan boko namu a Facebook suke amshi, kowa na tsinewa yaron da ke tsaye bakin geti yana sayar da tikiti ninki biyu, babu mai tambayar me ya sa tikitin ya zama gwal tun farko.

Ɗan cuwa-cuwa fa kamar ɗan bumburutun fetur ne, ba ka ganinsa da galan bakin titi sai ranar da gidan mai ya rufe. In da kujeru sun wadata wa zai saya a hannunsa?

Ai an gwada wannan maganin. A Janairun 2021 aka ƙaddamar da sayen tikiti ta intanet, lokacin Amaechi na ministan sufuri, aka ce daga ranar cuwa-cuwa ta mutu. Bayan harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda aka kashe mutane aka kwashe sama da 60 zuwa daji, jirgin ya tsaya cak sai 5 ga Disamba ya dawo, aka ƙaro sharaɗin lambar NIN, kuɗin kujerar talaka ya koma naira 3,600. To duk da manhajar da NIN ɗin da ƙarin kuɗin, har yau mutum zai buɗe waya da zarar an saki tikiti ya tarar an wawashe. Abin da ba a son faɗa shi ne jirgin da ya dawo bai dawo da yawan sawun da yake yi a da ba, an rage zirga-zirga, an janye tafiyar dare, mutanen da ke son hawa kuma ba su ragu ba, sai ma ƙaruwa, don hanyar mota ta Abuja zuwa Kaduna kowa ya san halin da ta shiga, kwangilar da aka ba Julius Berger tun 2017 ta yi ta jan ƙafa har aka soke ta a 2024.

Kuma don Allah a tuna yadda aka yi aka samu tashar nan. An fara aikin layin a 2011 zamanin Jonathan, kamfanin CCECC na China ya gina, da bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na China, Buhari ya buɗe shi ranar 26 ga Yulin 2016. Kilomita 186 daga tashar Idu ta Abuja zuwa Rigasa. Bashi ne, biya ake, kuma da kuɗin mai sayar da rake a Rigasa ake biya kamar yadda ake biya da na darakta a Maitama. Layin da aka ci irin wannan bashin a kansa a ce yini guda jirgi ya yi 'yan sawun da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, sauran awannin dogo na kwance yana shan rana, wannan ce asarar da ya kamata a yi wa ihu, ba dubu biyun da yaro ya ɗora ba.

Akwai ma wani abin da kullum nake mamakin shirun da ake a kansa. Tsakanin Idu da Rigasa tashoshi aka gina: Kubwa, Asham, Jere, Gidan, Rijana, Dutse, Kakau. Ban da Kubwa, yaushe rabon ka ji wani ya ce zai hau jirgi zuwa ɗaya daga cikinsu? Manomin Jere ko na Kakau jirgin nan wucewa yake ta gonarsa yana ɗaga masa hannu. Kakannin Kaduna da jirgin ƙasa suka san garin, tun layin Baro zuwa Kano na 1911, kafin Turawa su taso da hedikwata daga Zungeru a 1917, kuma tsohon jirgin duk nawarsa yana tsayawa ƙauye ya ɗauki mace da buhun masararta. Sabon kuwa an mayar da shi motar haya ta masu guje wa hanyar Abuja. Rigasa kanta, unguwar da ke cikin mafi cunkoson jama'a a ƙaramar hukumar Igabi, abin da yawancin mutanenta ke samu daga tashar bai wuce lodin Keke Napep da acaɓa da tallan ruwa ba.

Masu cewa matsalar ita ce an kai tasha bayan gari, a dawo da ita Kakuri, su fara gaya mana ko canza wuri na haifar da tarago. Masu cewa a ƙara kuɗi layi zai ragu kuwa, eh zai ragu mana, tunda an kori talaka.

Sannan ga kula da abin da ake da shi. Jirgi ya sauka daga kan dogo a Kubwa a Janairun 2023, ya sake a Asham a Agustan 2025 ɗauke da ɗaruruwan fasinja, duk tarago ɗaya da ya lalace kujeru ne suka fita daga lissafi, kuma wannan ba ɗan cuwa-cuwa ne ya jawo ba. A ƙaro taragu da kawunan jirgi, a ƙara sawu, a ware ko da jirgi ɗaya ne da safe mai tsayawa kowace tasha a farashin da ɗan Rijana zai iya biya. Hukumar jiragen ƙasa ta NRC ta fito ta gaya mana kujeru nawa take sakewa kowace rana, nawa ake ɓoye wa manya masu kiran waya, in ta isa.