An gwada uwa, an ƙyale 'ya'yanta a ruwan shanmu

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya game da gwajin ruwa a Legas shi ne takardar nan ta "babu guba" da mai bohol zai zaro ya nuna maka a Agege ko Ojo. Wace gubar aka nema? Maganin feshi ba ya zama yadda aka fesa shi. Rana da ruwa da ƙwayoyin cikin ƙasa suna farfasa shi, ya rikiɗe ya koma wani sinadarin mai sunansa daban, kuma injin gwaji ba ya ganin abin da ba a ce masa ya nema ba.

Maganin ciyawa glyphosate yana komawa AMPA, wanda ya fi shi daɗewa a ƙasa. Maganin ƙwari chlorpyrifos yana komawa TCP. Uwar, wato chlorpyrifos, tana manne wa ƙasa, shi kuwa ɗan, wato TCP, ya fi narkewa a ruwa, sai ya bi ruwan sama ya nutse. A ƙasar rairayi irin ta Iyana-Iba, inda 'yan'uwanmu ke noman ganye kuma kana haƙa kaɗan ka tarar da ruwa, ina kake jin zai tsaya? Daga rijiya sai jarkar lita 25 ta mai ruwa, sai randar gida. Maganin ƙwari DDT ma da yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta taƙaita, ɗansa DDE yana shekara da shekaru a laka da kitsen kifi.

Tarayyar Turai ta sa iyakar maikirogiram 0.1 a kowace lita ta ruwan sha ga kowane maganin feshi, har da 'ya'yan da ke da illa. Mu nan an kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, tun 2007, ga LASEPA ta jihar Legas, amma har yau mai saye bai san sunan abin da aka gwada a ruwan da yake biya ba. Haba!

Kuma tun daga ɗebo ruwan ake ɓata gwajin. A zuba a gorar lemo, a jefa bayan danfo, ya wuni a cunkoso cikin rana. Roba tana riƙe wasu sinadaran, zafi da haske suna ƙarasa wasu. Ya kamata a ɗeba a kwalba mai duhu, a sa cikin ƙanƙara ya tsaya wajen digiri 4, a kai shi da gaggawa. AMPA kuwa gwajinsa daban ne, sai an rubuta sunansa a takardar buƙata, an biya kuɗinsa.

Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta ne kawai, ba ta cire waɗannan. Alif yana kwantar da laka, ruwan ya yi garau, a sha da kwanciyar hankali. Duk mai bohol ɗin da ya miƙo maka takarda, ka ce ya nuna maka layin AMPA da na TCP, da ranar da aka ɗebi ruwan.