Tsiron hamada da ƙofofin da yake rufewa

Assalamu alaikum jama'ar Zango, na Aboabo da Asawase da kewaye.

A Kumasi ruwan shekara yana kaiwa wajen milimita 1,400. A tsakiyar Sahara akwai inda ba ya kai 100, amma Allah bai bar wurin babu tsiro ba.

Kowane ganye yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan yake shaƙar iska, ta nan kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan da saiwa ta jawo yake fita ya bi iska. Shi ya sa tsiron hamada ya fi ƙwarewa wajen tsare ruwa a kan neman sa. Aloe vera tana rufe ƙofofinta da rana. Sai dare ya yi sanyi ta buɗe, ta ɗebi iskar da take bukata ta ajiye, idan gari ya waye ta haɗa abincinta da hasken rana, ƙofa a kulle. Subhanallah! Bagaruwa ta ƙanƙanta ganye, ta yi ƙaya. Kuka kan zubar da ganyenta duka da rani, ta rayu da ruwan da ke cikin gangar jikinta. Gawo kuwa saiwa yake turawa mitoci da yawa, har ta tarar da ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Ɗan uwa, 'yar uwa, ladanmu ma ta ƙofa yake tsiyayewa. Muna salla, muna azumi, muna sadaka, sai harshe da waya su zubar a zaman hira ɗaya. Annabi (SAW) ya kira mai irin wannan hali matsiyaci: zai zo da ibada, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a rabar da ladansa. Mu kama baki da rana, mu buɗe shi cikin dare, ko da raka'a biyu ne kafin asuba.

Masu aloe vera a gida kuma, amana ce a hannunku. A garin nan ba ƙishi ke kashe ta ba, yawan ruwa ne. Idan ƙasa ta jiƙe kullum, saiwa ba ta samun iska, sai ta ruɓe, ganye ya yi rawaya ya yi laushi daga gindi. A huda gindin tukunya, a gauraya ƙasa da yashi mai tsakuwa rabi da rabi. Kada a ba ta ruwa sai an tura yatsa an ji ƙasar ta bushe. Da damina a janye ta ƙarƙashin rumfa.