Zakaran gwajin dafi

Kwana biyu ke nan ina ganin samarinmu na nan Legas suna ɗora hoton fuskar kwamfutarsu, suna nuna ɗan rubutun nan na ƙasa ta dama mai shaida cewa Windows ɗin gwaji ne, ana ta zuba musu kirari kamar sun ciwo kofi. To bari in faɗi nawa, don ni ma na sha wannan ruwan, har ya shaƙe ni.

A ƙarshen Yunin 2021 Microsoft ta saki Windows 11 na gwaji ga 'yan shirin Windows Insider, wato masu gwada mata sabuwar manhaja, tun kafin a fitar da shi ga kowa ranar 5 ga Oktoba. Shiga shirin kyauta ne. Ni kuwa kwamfuta ɗaya ce gare ni a duniya, wadda nake buga wa mutane takardu da ita a ɗan shagona na Agege. 'Yar gwanjo ce, batirinta ya daɗe da rasuwa, da an zare waya sai ta bi shi. Duk da haka rawar kai ta sa na ƙona data, na zauna da daddare ina kallon lambobi suna hawa. Ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, janareta kuma babu ko ɗigon mai. Da wutar ta dawo sai allo baƙi ƙirin, ba gaba ba baya.

Da safe sai ga wani Alhaji mai harkar shanu a kwatar Oko-Oba, ya zo karɓar takardun lissafinsa da ke ciki. Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, na'urar ce ta ɗan yi gardama." Ya dube ni ya dubi na'urar, ya ce, "Malam, ita ce ta yi gardama ko kai ne ka tsokane ta?" Ban da abin cewa. Haka na rungume ta na hau danfo zuwa Computer Village a Ikeja, inda wani yaro ɗan Kano ya zare faifan ajiyar kwamfutar, ya kwashe min takardun, ya goge komai ya ɗora sabo. Yana miƙo min ita ya ce, "Yaya, garin neman gira ka kusa rasa ido." Laifina ne ɗari bisa ɗari, domin gargaɗin yana nan a rubuce, ni ne na danna "na yarda" ban karanta ba.

Amma kada wani ya ɗauka ina hana gwaji. Abin da ke ba ni haushi shi ne mu sauke, mu yi hoto, mu tafi. Wanda ya ɗora manhajar gwaji aiki ya karɓa, aikin kuwa shi ne kai rahoto ta Feedback Hub, manhajar aika wa Microsoft ƙorafi. A Oktoban 2018 wani sabuntawar Windows 10 ya share wa wasu mutane fayilolinsu har aka dakatar da shi, alhali wasu 'yan gwaji sun yi ƙorafin haka tun da wuri, muryarsu ce ta ɓace cikin hayaniya saboda ba su da yawa. To mu fa? Wa zai gwada ko ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai a sabon salon rubutu in ba mu ba? Wa zai gaya wa injiniyan da ke zaune a Amurka cewa akwai mai sayen data da giga-giga, wanda sauke sabon zubin Windows ɗin gwaji duk mako ke cinye masa kuɗin cefane? Shi wutarsa ba ta ko ƙiftawa, ina zai san da mu?

In za ka shiga, ka san matakin da ka taka. A 2025 dai matakai huɗu ne a shirin. Release Preview ya kusa nuna, Beta da dama-dama, Dev ɗanye ne, Canary da aka ƙaro a 2023 kuwa ko wuta bai gani ba. A lokacin, wanda ya hau Canary, saukowa sai da goge kwamfuta kaf, kuma Windows ɗin gwajin yana da ranar ƙarewa.

Yanzu da tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoban 2025, tsofaffin kwamfutocinmu da yawa ba su da TPM 2.0, ɗan sashen tsaron da Windows 11 ke nema, na fi karkata ga Ubuntu, wata manhajar tafiyar da kwamfuta da ake ɗorawa a madadin Windows. Duk Afrilu da Oktoba suke fitar da sabo, na gwajinsa na zuwa 'yan makonni kafin nan. Ka zuba shi a filashi, ka tayar da kwamfuta daga kai, ka yi ta yawo a ciki, faifanka bai san ana yi ba.

Ni dai na sayi wata tsohuwa mai tsagaggen allo, tana ƙarƙashin tebur, ita ce zakaran gwajin dafina. Alhaji kuma har yau in ya kawo aiki sai ya leƙa ya tambaya a wacce zan buga masa.